Busasshen Burodi da Goɗiyar Tahifet

Abu na farko da idona ya tsaya a kansa a Tamanrasset leda ce rataye a ƙofar wani gida. Mun sauka daga mota da hantsi, ƙafafuna a kumbure, bakina duk yashi, ina bin bayan ɗan garinmu da zai kai ni masauki, sai na ga ledar tana lilo a jikin ƙusa, cike da gutsattsarin busasshen burodi. Ƙofa ta gaba ma haka, wata a kan katanga, wata a tagar shago. Ban kai ga tambaya ba sai ga wata doguwar mace cikin mayafi mai shuni ta ɓullo daga lungu da buhu a kafaɗa. Ta sauke ledar, ta juye a buhunta, ta mayar da ita inda ta same ta. Wani ɗan guntu ya faɗi ƙasa. Ta duƙa ta ɗauka, ta hure masa ƙura, ta kai shi leɓe, ta taɓa goshinta da shi, sannan ta jefa a buhu ta wuce. Ban ga fuskarta sosai ba, amma na tsaya a tsakiyar hanya har sai da wata taksi ta yi mini oda.

Ɗan garinmu ya ja hannuna yana dariya. "A nan ba a zubar da burodi a shara," in ji shi. "Wanda ya kwana a rataye shi, mai dabbobi ya zo ya kwashe. Wannan kuwa Yaya ce, mai abincin 'yan shantiye, masu aikin gini. In kana da rabon aiki, daga tukunyarta za ka riƙa ci."

Na sami aikin. Ina ɗaukar siminti, ina kwaɓa, ina miƙa wa maso, wato magini, bulo, tun kafin rana ta leƙo bayan duwatsu har ta yi zafin da ba a iya taɓa ƙarfe. Daga ƙasar Damagaram na zo, da riga biyu da littattafan soyayya na Kano guda bakwai waɗanda nake karantawa tun ina lekkol, wato makarantar boko, har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci samari sukan zagaye ni a inuwar ginin da ba mu gama ba, ina karanta musu da ƙarfi, ana dafa shayi, ana gardama a kan wace ce ta fi dacewa da jarumin. A lokacin babu mai waya a aljihu. In mutum ya yi kewar gida sai ya saurari labarin wani ya ɗan rage. Yanzu in na bi ta gefen gine-gine nakan ga yara 'yan Nijar zaune a jere, kowa ya sunkuya a kan tafin hannunsa, shiru kamar ana zaman makoki. Ban ce sun fi mu kaɗaici ba. Na dai san mu mun san muryar juna.

Yaya 'yar Agadas ce, mijinta ya rasu a hanyar fatauci, ta girme ni da shekaru masu dama. Ubanta ya yi rayuwarsa yana bin ayarin gishiri, ita kuma ta tashi tsakanin ƙafafun raƙuma da jakai, tana jin Buzanci kamar yadda take jin Hausa. Rumfarta na bakin busasshen kwarin da ya ratsa gari, akuyoyinta huɗu a baya, su ne masu cin burodin nan. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ludayinta a bakin tukunya, sau biyu, alamar an gama. Ita ta sa mini suna Ɗan Littafi, domin ko a gaban kwano ba na ajiye shi.

"Ɗan Littafi, yau an ɗaura auren ko har yanzu ana kuka?" haka takan tare ni.

"Saura kaɗan, Yaya. Jarumin ya sayar da duk abin da ya mallaka saboda ita."

"To me za su ci bayan biki? Matso da kwanonka."

Ba ta sani ba, ko kuwa ta sani ta ƙyale ni, duk jarumar da na karanta fuskarta nake sa mata. Na ɗauka a raina cewa wata rana zan yi wani babban abu a gabanta, irin wanda ake rufe babi da shi.

Shekarar da ruwan ya zo, ko ɗigo bai sauka a cikin gari ba. Can kan duwatsun Hoggar aka yi shi, mu dai muna ganin baƙin hadari daga nesa muna aikinmu. Tsofaffin garin kullum suna gaya mana kada mu shimfiɗa tabarma a cikin kwari komai daɗin yashinsa, mu kuwa mukan yi murmushi, don tun zuwanmu ba mu taɓa ganin ko laima a wurin ba. Da azahar muka ji wani ruri kamar manyan motoci sun jero, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Sai ga shi ya taho, ja wur, yana tura itatuwa da duwatsu da gangunan mutane a gabansa. Muka tsaya a kan gini muna kallo. Rumfar Yaya ta tsira da taki kaɗan.

Bayan kwana biyar wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin Maraɗi mai yawan barkwanci, ya zo cin abinci. Shi ya kai kayan agaji ƙauyen Tahifet, can cikin duwatsu inda ake noman lambu. Ya ce mutane sun tsira, an kai musu tantuna da barguna da gari da mai, jandarma ma sun taimaka wajen sauke kaya. Amma ruwa ya share lambuna, ya tafi da rumbunan ciyawa gaba ɗaya, abin da ya rage kuma laka ta binne shi. Dabbobin da suka gudu kan tudu suna nan suna lasar dutse. Ya ce akwai wani tsoho mai goɗiya, ita kaɗai ce doki a duk ƙauyen, ya ƙi shiga tanti, yana zaune a gabanta yana kallon haƙarƙarinta suna fitowa.

Yaya ta ajiye ludayi. "Yaushe za ka koma?"

"Jibi da asuba. Lafiya?"

"Ka bar mini wuri a baya."

"Yaya, mutane na neman bargo, ke kina neman kai wa jaki kalaci?"

"Mutane sun iya faɗin abin da ke damunsu, shi ya sa aka ji su. Ci abincinka, kana zubar mini da miya."

Abin da ta yi a kwana biyun nan har yau ina mamakinsa. Ta bi unguwa-unguwa a ƙafa tana kwashe ledojin burodi, matan Larabawa suka ji labari suka riƙa aiko da nasu. Ta je kasuwar dabbobi ta tsaya a kan dillalai har kowa ya ba da damin ingirici, wato busasshiyar ciyawa. Wani malami da ke karantar da mu da dare ya kawo rabin buhun dusar tumakinsa da kansa, a ka. Mahauta suka tara mata ƙasusuwa saboda karnuka, ta soya su don kada su lalace a hanya, ta ɗaure kanwa a gefen mayafinta, ta sa gwangwanin madarar gari saboda kyanwoyi. Da ta ce tana son mai ƙarfin ɗaukar buhu, kafin ta rufe baki na miƙe. Samari suka yi ta yi mini tsiya, wai jarumi ya sami babinsa.

Motar ba ta isa ƙauyen ba, ruwa ya cinye hanya. Muka sauke, muka riƙa ɗauka a ka muna tsallaka duwatsu, mutanen gari suka fito suka taya mu. Ban taɓa ganin wuri mai kyau da ban tausayi a lokaci ɗaya kamar Tahifet a ranar ba. Itatuwan ɓaure da rumman a kwance saiwoyinsu a sama, inabi ya naɗe da laka, ga wani siririn ruwa garai-garai yana bi ta tsakiya kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Awaki suka jiyo ƙanshin ciyawa suka taso da kuka. Wani farin karen farauta, siriri kamar zare, ya zo ya tsaya nesa kaɗan yana rawar jiki, yunwa na tura shi, kunya na riƙe shi.

Tsohon yana inda direba ya ce, zaune a kan dutse, amawali ya rufe masa fuska sai idanu. Goɗiyar ja ce mai farin goshi, gezarta duk busasshiyar laka, kanta a ƙasa. Yaya ta gaishe shi da Buzanci, suka daɗe suna gaisawa kamar babu abin da ya faru, sannan ta juyo ta gaya mini abin da ya ce. Da ruwa ya taho yana cikin lambu, ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi, goɗiyar nan ce ya kama wutsiyarta ta ja shi har kan tudu. Ya ce ba ya iya cin tuwon agaji tana kallonsa.

Yaya ta shafa wuyan goɗiyar, ta ɗaga leɓenta ta duba dasashi, ta kara kunne a kwiɓinta ta saurara. Sannan ta ɗebi ingirici cikin tafi biyu ta ba ta.

"Ɗan Littafi, saurara da kyau. Wannan aikinka ne. Tafi biyu na ciyawa, ka jira inuwar dutsen nan ta matsa taki ɗaya, ka ƙara tafi biyu. Ruwa rabin ƙwarya, da ɗan jiƙon kanwa. Burodi kuwa ko ƙanshinsa kada ta ji yau. Na awaki ne, su ma kaɗan-kaɗan."

"Yaya, kwana bakwai fa ba ta ci ba."

"Shi ya sa."

Ta tafi wajen sauran dabbobin. Ina hango ta daga nesa tana raba ciyawa gida-gida, tana jefa wa karnuka ƙashi ɗaya-ɗaya don kada su yi faɗa, tana lallashin wata kyanwa da ta maƙale a kan bishiyar dabino tun ranar ruwa. Aka zo aka kama tsohon aka kai shi ya yi salla ya ɗan sa wani abu a baki, tunda ya ga goɗiyarsa ta fara tauna. Aka bar ni da ita, da buhun burodi jingine a bayan dutse.

Ta cinye tafi biyun kafin in ƙifta ido. Ta ɗago ta dube ni. Wanda bai taɓa haɗa ido da doki mai yunwa ba ba zai gane ba. Manyan idanu ne masu gashi, babu zargi a cikinsu, roƙo ne kawai. Ta miƙo hanci ta taɓa ƙirjina, ta yi wata 'yar ƙaramar haniniya a maƙogwaro. Na dubi inuwar dutse, ko motsi ba ta yi ba. A duk littattafan da na karanta ban taɓa ganin inda masoyi ya auna abin da zai bayar ba. Jarumi yakan buɗe hannu ne gaba ɗaya, mai awo kuwa shi ne mugun kawu. Na ce a raina Yaya ta saba da wahala har zuciyarta ta yi tauri. Na ce guntu ɗaya ba zai yi komai ba. Na kwance bakin buhu.

Guntu ɗaya ya zama goma. Ƙarar burodin a haƙoranta ta yi mini daɗi har na ji hawaye. Da na ga tana haɗiya da ƙyar, na ɗauko bokiti na cika a korama na ajiye mata, ta shanye, na ƙaro. Na ɗaure buhun, wanda ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, na zauna ina jin kaina kamar wanda ya ceci gari.

Bayan azahar goɗiyar ta fara tona ƙasa da kofato. Ta riƙa waiwayen cikinta, gumi ya jiƙa mata wuya, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Sai ta lanƙwashe ƙafafun gaba za ta kwanta. Na ruga na kira Yaya.

Kallo ɗaya ta yi wa goɗiyar, ɗaya ga buhu, ɗaya gare ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta fizgi ragama ta ɗaga kan dabbar da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Riƙe nan. Ja ta ku yi tafiya. In ta kwanta ta yi birgima hanjinta zai murɗe, shi ke nan. Ko za ta taka ka kada ka bari ta kai ƙasa."

Mutane suka taru. Tsohon ya iso yana dogara sanda, ya ga halin da ake ciki, ya yi magana a hankali, amma na ga yadda sauran mazan suka dubi buhunanmu. Direba ya raɗa mini cewa tambaya yake yi, me baƙi suka kawo wa dabbarsa. Na buɗe baki zan ce ni ne, Yaya ta riga ni. Daga baya direban ya fassara mini amsarta. Cewa ta yi, "Baba, kuskure daga gare mu yake, mun ba ta fiye da abin da cikinta zai ɗauka. Ka ba ni zuwa faɗuwar rana." "Mu" ta ce, ba "shi" ba. Ba ta ko dubi inda nake ba.

Ta aika aka kawo man girki daga kayan agaji, ta zuba a kwalba, direba ya ɗaga kan goɗiyar, ta ɗura mata ta gefen baki kaɗan-kaɗan tana shafa maƙogwaro. Ta cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta, ta zura ta ƙarƙashin cikin, ita a gefe ɗaya wata mata a ɗaya gefen, suna ja suna saki. Ni kuwa ina jan ragama, daga dutse zuwa kututturen ɓaure, daga kututture zuwa dutse. Sau uku goɗiyar tana durƙushewa, sau uku Yaya tana sa kafaɗa a ƙirjinta tana yi mata magana a kunne da harshen da ban sani ba, har ta miƙe. Takalmina ya tsinke na ci gaba ba takalmi. Duk lokacin da muka wuce ta gaban tsohon ina jin idanunsa a bayana, yana jan carbi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

La'asar ta wuce, inuwa ta yi tsawo, ƙafafuna sun fashe. Yaya ta tsayar da mu, ta sake kara kunne a kwiɓin, ta daɗe a haka idonta a rufe. Sai na ga gefen bakinta ya motsa. Goɗiyar ta ɗaga wutsiya ta saki wata doguwar tusa mai ƙara kamar an yage buhu, ta bi ta da kashi tuli guda.

Na karanta kalamai masu daɗi da yawa a rayuwata, na ji muryoyin mawaƙa, amma ban taɓa jin sautin da ya faranta mini rai kamar wannan ba. Matan ƙauye suka rangaɗa guɗa. Direba ya ce a ba shi hanya ya je ya yi mata barka da sauka. Tsohon ya sa gefen amawalinsa ya goge ido, ya taso ya dafa goshin dabbarsa, ya daɗe a haka.

Yaya ta sa aka tsayar da goɗiyar a cikin ruwan korama mai sanyi saboda kofatanta, ta ce zafin burodin can yake sauka. Duk da haka ba ta fita sumul ba. Ƙafarta ta gaba ta riƙa ɗan ɗingishi har ƙarshen ranta, kuma ni na san wanda ya sa mata shi.

Muna zaune a bakin ruwan na tattaro duk kalaman da na haddace. Na ce, "Yaya, zuciyata ce ta kasa jurewa. Tausayinta ne ya rinjaye ni."

Tana wanke ɗankwalinta, ba ta ɗago ba. "Ba ita ka ji wa tausayi ba, ƙanena. Kanka ka ji wa. Ba ka iya zama tana kallonka ba, sai ka sayi sauƙin ranka da cikinta." Ta matse ɗankwalin. "Gobe kai za ka sake ba ta. Tafi biyu."

"Bayan abin da na yi?"

"Yanzu duk garin nan babu wanda zai kai ka kiyayewa."

Kwana huɗu muka yi a Tahifet. Na zauna gaban goɗiyar ina kallon inuwar dutse, tana roƙona da idanun nan, ina ce mata ta yi haƙuri. Wasiƙar da na rubuta wa Yaya tun kafin tafiyar, mai shafi uku, wadda na cika da taurari da furanni, ban taɓa ba ta ba. Da muka dawo gari na sake karanta ta, na ga buhu ce guda da aka kwance wa baki.

Yau Tamanrasset ta faɗaɗa har ban san wasu unguwannin ba, ni da na ɗauki simintin rabinsu. Inda rumfar Yaya take an yi wani dogon buro, ginin ofis mai gilashi. Har yanzu ana rataye burodi a ƙofofi, sai dai masu mota ne ke bi suna kwashewa da sauri, ban ƙara ganin wanda ya duƙa don guntu ɗaya ba. Na yi aure, na aurar, littattafan nan bakwai 'ya'yana mata sun karance su har sun watse.

Ita kuwa Yaya, mutanen Tahifet ba su manta ta ba. Duk kaka sai an aiko mata da kwandon ɓaure. Da tsohon zai rasu ya bar wasiyya a ba ta 'yar da goɗiyar ta haifa, da wani yanki na lambunsa. Ta rufe rumfa ta koma can, ta zama wadda ake bugawa ƙofa in akuya ta kasa haihuwa ko jaki ya ƙi ci. A can ta tsufa, a can aka binne ta.

Ganina da ita na ƙarshe, na ji labarin ta yi doguwar jinya ta fara samun sauƙi, sai na cika bayan mota da kaya: gasasshen nama, dabino, lemo, madara, burodi mai zafi. Na same ta a inuwar rumman, ta rame, idanunta sun dushe. Ta sa hannu tana lalube ledojin ɗaya bayan ɗaya, sai ta fara dariya har tari ya kama ta.

"Ɗan Littafi ne. Babu mai kawo wa majinyaci wannan lodi sai kai."

Ta gutsuri burodi kamar girman yatsa biyu, ta kai leɓe, ta taɓa goshi, ta tsoma a shayi.

"Wannan ya ishe ni yau. Naman ka kai maƙwabta. Burodin ka shanya wa awaki, kuma ka ba su da kanka, kaɗan-kaɗan. Idona ya tafi, amma kunnena na nan. In ka ƙara zan ji."